Jiran Gawon Shanu: Jinkirin Tallafin Naira Dubu 25 Da Halin Masu Ƙaramin Ƙarfi A Samaru Da Sabon Gari

Da hantsi, idan ka bi titin da ya ratsa Samaru ta gaban babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello, da wuya ka yi taku hamsin ba ka ci karo da rumfar mai POS ba. Yawancin masu tsayawa cirar kuɗi ko turawa ce ta kawo su. Amma akwai wasu da ba ko ɗaya suka zo yi ba. Su dai a duba musu.

Mai tuyar awara ce za ta miƙa kati, ko ɗan acaɓa ya jingine babur ya zaro nasa. A danna, a girgiza kai, a miƙo musu abinsu. Haka abin yake a Kwangila, haka yake a bakin kasuwar Sabon Gari. Da zarar an raɗa cewa wasu a Bomo ko Muciya sun ga alat, sai rumfunan su cika da masu neman a duba musu ko rabonsu ya iso.

Kuɗin da suke jira bai taka kara ya karya ba, naira dubu 25 ne sau uku. An yi musu alkawarinsa a watan Oktoban 2023, aka ce za a gama biya kafin shekarar ta fita. Wasu sun samu kashi ɗaya, wasu biyu, wasu kuwa har yau shiru kake ji.

Yadda aka ɗauki alkawarin

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500. A watan Yuni aka bar kasuwa ta yanke wa naira daraja, farashin komai ya bi sahu.

Gwamnati ta san za a sha wuya, don haka a watan Yuli ta ce za ta riƙa bai wa gidaje miliyan 12 naira dubu 8 duk wata har tsawon wata shida. Jama'a suka yi ca, suna tambayar me dubu 8 za ta saya. Sai aka janye, aka koma teburi.

A jawabinsa na ranar 1 ga Oktoba shugaban ya fito da sabon tsari: gidaje miliyan 15, kowane naira dubu 25 a wata, na wata uku. Aka ƙaddamar da shirin ranar 17 ga watan, wadda ita ce ranar yaƙi da talauci ta duniya. Babban ginshiƙinsa shi ne rancen dala miliyan 800 da Bankin Duniya ya amince da shi tun Disambar 2021.

Ba wannan ne karo na farko ba. Tun 2016 gwamnatin Muhammadu Buhari ta fara bai wa gidaje marasa galihu naira dubu 5 a wata, ana haɗa musu dubu 10 duk bayan wata biyu. Har da dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da aka dawo da su daga Suwizalan aka zuba a ciki. A wancan lokaci ne aka gina kundin rajistar marasa ƙarfi na ƙasa, wanda hukumar NASSCO ke kula da shi. Ko a zamanin, tsallake watanni ba a biya ba ba baƙon abu ba ne.

Inda aka fara tuntuɓe

Tun kafin a fara biya kundin ya shiga tsaka mai wuya. A watan Yulin 2023 majalisar tattalin arziki ta ƙasa, wadda gwamnoni ke ciki, ta ce ba ta yarda da sahihancinsa ba, ta nemi jihohi su tattara nasu sunayen. Ke nan an shiga rabon ne da littafin da masu mulki da kansu suka ce suna tantama a kansa.

Sai kuma badaƙala ta kunno kai. A farkon Janairun 2024 aka dakatar da Halima Shehu, shugabar hukumar da ke gudanar da shirye-shiryen tallafin. Ranar 8 ga watan aka dakatar da ministar jinƙai Betta Edu, kan takardar da ta nemi a zuba naira miliyan 585 a asusun wata ma'aikaciya, zargin da ɓangarenta ya ce babu saɓa doka a cikinsa. Kwana huɗu bayan haka aka tsayar da duka shirye-shiryen na mako shida, aka kafa kwamiti a ƙarƙashin ministan kuɗi Wale Edun.

Ma'aikatar ta zauna babu cikakken minista har zuwa Oktoban 2024, lokacin da aka naɗa Nentawe Yilwatda. Shi ma bai cika shekara ba ya tafi shugabancin jam'iyyar APC a Yulin 2025, daga baya Bernard Doro ya gaje shi. Ministoci uku ke nan a kan shirin da aka tsara zai ƙare cikin wata uku.

Lissafin ya nuna yadda tafiyar ta kasance. A watan Mayun 2025 Bankin Duniya ya ce gidaje wajen miliyan biyar da rabi ne kaɗai suka karɓi ko da kashi ɗaya, wato kaɗan da ya ɗara sulusin waɗanda aka yi wa alkawari. Zuwa Oktoban 2025 gwamnati ta ce ta raba naira biliyan 330 ga gidaje kimanin miliyan 8. Idan aka raba, kowane gida ya tashi da wajen dubu 40, ba dubu 75 ba. Cikar alkawarin kuwa na buƙatar sama da naira tiriliyan ɗaya.

Shingen tantancewa

Da aka dawo da biyan, an dawo ne da sharaɗi mai tsauri. Ba za a ƙara miƙa wa kowa kuɗi hannu da hannu ba. Dole sunan da ke cikin kundi ya dace da lambar NIN, kuɗin kuma su faɗa asusun banki ko na waya mai ɗauke da wannan suna. A takarda babu mai ja da wannan. A unguwa ne ake ganin inda gizo ke saƙa.

Mutum ɗaya sai ka same shi Muhammadu a kundi, Mohammed a katin ɗan ƙasa, Mamman a banki. Matar da duk layi ya sani da Indo, a NIN ɗinta A'ishatu ce, sunan mahaifi a wata takarda, na miji a wata. Dattawa da yawa ba su san ranar haihuwarsu ba, duk jami'in da ya yi musu rajista sai ya ƙiyasta ya rubuta. Kwamfuta ba ta san Indo ita ce A'ishatu ba. Da ta ga saɓani sai ta ajiye sunan gefe.

Layin waya ma wani tarko ne. Mata da dama da layin miji ko na ɗa aka yi musu rajista. Wasu layukan an rufe su a 2024 saboda ba a haɗa su da NIN ba, wasu sun daɗe ba a yi amfani da su ba har kamfani ya sayar wa wani. Saƙon da ya kamata ya isa Hayin Dogo sai ya tafi wayar wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Gyaran kuwa ba kyauta ba ne. Tun Mayun 2025 kuɗin gyara ranar haihuwa a hukumar NIMC ya haura naira dubu 28. Wato gyara kuskure guda ya fi kashi ɗaya na tallafin tsada, kafin a zo ga kuɗin mota, da na takardar rantsuwa a kotu, da yinin da mutum zai rasa bai fita nema ba.

Ga kuma rashin asusun. Binciken ƙungiyar EFInA na 2023 ya nuna kusan rabin manya a Arewa maso Yamma ba su da hulɗa da kowace irin hanyar ajiya ko hada-hadar kuɗi. Gwamnatin Gwamna Uba Sani ta ce ta buɗe wa mutum fiye da miliyan biyu asusu a Jihar Kaduna domin cike wannan giɓi. Mataki ne mai amfani, sai dai buɗe asusu daban, shigowar kuɗi daban.

Suna aiki, tukunya ba ta cika

Samaru da Sabon Gari ba su rasa manyan cibiyoyi ba. Ga jami'ar da aka kafa a 1962, ga cibiyar binciken aikin gona, ga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a Palladan, ga cibiyar fasahar sufuri da barikin soja a Basawa. Sabon Gari kuwa tun zuwan jirgin ƙasa a farkon ƙarnin jiya take cibiyar fatauci.

A gindin waɗannan cibiyoyi dubban iyalai ke neman na sawa a baka: masu shara da gadi a ƙarƙashin 'yan kwangila, malaman ƙananan makarantun kuɗi, masu wanki da guga, teloli, 'yan dako, masu faci, masu Keke Napep da ke biyan balas kullum, da matan da ke sayar wa ɗalibai abinci. Kowa a cikinsu yana aiki daga safe zuwa dare, amma abin da ke shigowa bai kai ƙarshen wata.

An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira dubu 70 a Yulin 2024, Jihar Kaduna ta amince da dubu 72. Galibin waɗannan mutane ƙarin bai shafe su ba, domin doka ba ta tilasta wa mai ma'aikata ƙasa da 25 ya biya ba, kuma alƙaluman hukumar ƙididdiga sun nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya ba su da albashin da doka ke karewa.

Cinikinsu kuma a ɗaure yake da kalandar jami'a. Yajin aikin malaman jami'o'i na wata takwas a 2022 ya bar Samaru tamkar an share ta. Mutane da yawa jarinsu suka cinye a lokacin, ba su gama farfaɗowa ba tsadar 2023 ta riske su.

Hanyar shiga kundin ita ma ba da su aka auna ta ba. Ba fom mutum ke cikewa ya kai ofis ba. Ana zaɓar yankunan da suka fi talauci, mutanen gari su taru su fitar da sunayen mabuƙata, sannan jami'ai su bi gida-gida suna tambayar irin rufi da daɓe da kadarori. A ƙauyen da kowa ya san kowa, tsarin yana iya aiki. A unguwar 'yan haya, inda mutum ke tashi duk lokacin da kuɗin ɗaki ya fi ƙarfinsa, wa zai tsaya masa? Magidanci mai 'ya'ya shida a ɗaki ɗaya na siminti da kwano yana iya fitowa a lissafi kamar mai rufin asiri.

An yi yunƙurin gyara wannan a Janairun 2021, lokacin annobar korona, da aka buɗe wata rajistar gaggawa ta talakawan birni ta hanyar saƙon waya. Amma adadin da aka nufa, gidaje miliyan ɗaya a faɗin ƙasa, bai kai ko'ina ba.

Hatta masu albashin gwamnatin tarayya, waɗanda Samaru ke cike da su, ba su tsira ba. Ƙarin naira dubu 35 a wata da aka amince a ba su a Oktoban 2023 ya riƙa zuwa da tsalle-tsalle, har aka shiga 2025 suna bin bashin wata biyar da aka ce za a biya kashi-kashi. Matasan shirin N-Power su ma suna bin alawus na watanni da dama.

Abin da jira ke cinyewa

Kuɗin da aka jinkirta a lokacin hauhawar farashi ba ya isowa da ƙarfinsa. A Oktoban 2023 naira dubu 25 za ta sayi wajen lita 40 ta fetur. Bayan shekara guda, da lita ta haura naira dubu, ba ta kai lita 25. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta kai wajen kashi 40 cikin 100. Wanda kasonsa ya iso a makare, an biya shi adadin da aka faɗa, amma tiyoyin masarar da zai auno sun ragu.

Gaskiya ne farashin hatsi ya sauko a 2025. Sai dai saukar ba ta goge bashin da aka ci a baya ba, ba ta kuma dawo da akuyar da aka sayar ko keken ɗinkin da aka jinginar ba.

Alkawarin da ba shi da rana yana sa mutum ya yi lissafi a kan abin da bai shigo hannu ba. Uwargida za ta karɓi awo a shago da cewa in tallafi ya zo za ta biya. Wata ya wuce, wani ya biyo, mai shago ya rufe littafi. Zubin adashi ya gagara, a cire ta daga layi. Yaro ya koma gida saboda kuɗin makaranta, yarinya ta ɗauki farantin talla. Zazzaɓin da ya kamata a kai asibiti a tsaya da shi a kemis.

'Yan damfara su ma sun samu kasuwa. Ana yawo da adireshin intanet na bogi a WhatsApp da Facebook, ana ce wa mutane su cike su tura lambar BVN. Wasu kuma na karɓar na goro da sunan za su saka mutum a jerin. Ma'aikatar jinƙai ta sha fitar da gargaɗi a kan haka, amma mai neman mafita wanda bai da wurin tambaya, duk wanda ya ce ga hanya sai ya bi shi.

Asara mafi girma ita ce ta yarda. Idan maƙwabci ya samu kai ba ka samu ba, kuma babu mai yi maka bayani, sai zargi ya shiga: mai unguwa ya cusa danginsa, kansila ya fifita 'yan jam'iyya. Wani lokaci zargin na da tushe, wani lokaci harafi ɗaya ne ya saɓa a kwamfuta. Zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, wadda ta kai ga sanya dokar hana fita ta awa 24 a Kaduna da Zariya, ta nuna inda haƙurin jama'a ya kai.

Kowa da hujjarsa

Matsayin gwamnatin tarayya, kamar yadda Wale Edun ya sha bayyanawa, shi ne dole a tabbatar da kowane mai karɓa ta lambar shaidarsa, a biya shi kai tsaye. Ga masu wannan ra'ayi, gara a makara a biya mai haƙƙi da a yi sauri a zuba wa sunayen bogi. Duk wanda ya tuna yadda ake rabon tsabar kuɗi a fili a shekarun baya ba zai ce hujjar banza ba ce.

Bankin Duniya ya goyi bayan tantancewar, amma ya nuna cewa tafiyar ta yi nawa, kuma tallafin bai isa ga jama'a a lokacin da suka fi buƙatarsa ba. A Oktoban 2025 bankin ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya wajen miliyan 139 ke cikin talauci.

Ƙungiyoyin ƙwadago sun fi karkata ga albashin da zai riƙe iyali da sauƙin sufuri, suna ganin rabon 'yan kuɗi ba ya maye gurbin wannan. Akwai kuma masu cewa da an zuba kuɗin a taki da asibiti da makaranta da ya fi. Masu kare shirin na amsa cewa mai jin yunwa yau ba zai jira a gama ginin asibiti ba.

A majalisun Samaru da rumfunan Sabon Gari kuwa, ƙorafin ya fi wannan sauƙi. Mutane ba su ƙi a tantance su ba. So suke a gaya musu ko suna ciki ko ba sa ciki, kuma in suna ciki, yaushe. A tsarin shirin akwai jami'an karɓar koke a matakin jiha da na ƙaramar hukuma, amma kaɗan ne cikin masu jiran suka san da su.

Yadda wasu ke yi

A Burazil, shirin Bolsa Família da aka kafa a 2003 yana biyan iyalai wajen miliyan 20 duk wata. Ana fitar da jadawalin shekara tun daga farko, ana biya a kwanaki goma na aiki na ƙarshen wata, gwargwadon lambar da ta zo ƙarshe a shaidar mutum. Uwa ta san ranarta, mai shago ma ya sani. Rajistarsu kuma a buɗe take, iyali na iya zuwa ofishin yankinsu su shiga ko su sabunta bayanansu.

A maƙwabciyarmu Nijar, tun farkon shekarun 2010 aka gudanar da shirin bai wa gidaje sefa dubu 10 a wata na tsawon shekara biyu a jihohi irin su Maraɗi, mata ne ke karɓa. Kuɗin ba su da yawa, amma da yake ana sa ran zuwansu, mata sun iya shiga adashi da su har su tada ƙaramar sana'a. Darajar irin wannan tallafi tana ga zuwansa a kan lokaci.

Abin da ya rage a yi

Da farko, a buga jadawalin biya jiha-jiha, a karanta shi a rediyo da Hausa, a liƙa shi a sakatariyar ƙaramar hukuma da ofisoshin hakimai. In an samu tsaiko, a fito a faɗi dalili da sabuwar rana.

Na biyu, kowane mai suna a kundi ya iya duba matsayinsa da ƙaramar waya, ba sai da intanet ba: an tantance shi, ko akwai saɓani, kuma a ina saɓanin yake.

Na uku, gyaran suna da ranar haihuwa ya zama kyauta ga duk wanda ke cikin kundin. Jami'an NIMC da na bankuna su riƙa zagayawa mazaɓu, daga Basawa zuwa Dogarawa, daga Hanwa zuwa Cikaji, su zauna a firamare ko ƙofar mai unguwa su warware matsalar a zama ɗaya.

Na huɗu, a buɗe ƙofar rajista ta dindindin ga masu ƙaramin samu na birni, a auna su da abin da ke shigo musu da yawan bakunan da suke ciyarwa, ba da kwanon gidan da suke haya ba.

Su ma jama'a akwai nasu. Rajistar ba ta kuɗi ba ce, kada kowa ya ba da lambar sirrin katinsa ko ya tura BVN ga adireshin da bai sani ba. Mata su mallaki layi da asusu da sunansu.

Tantancewa wajibi ce, domin dukiyar jama'a ce, wani ɓangarenta ma bashi ne da 'ya'yan waɗannan talakawa za su biya. Amma ba mai tuyar awara ce ta lalata kundin ba, ba kuma ɗan acaɓa ne ya jawo badaƙalar da ta tsayar da shirin ba. Bai dace su ne za su ɗauki nauyin gyaran ba. Kira ga ma'aikatar jinƙai, da gwamnatin Jihar Kaduna, da wakilan Sabon Gari a majalisu shi ne su sa wa ragowar biyan rana, su bayyana ta ga jama'a, su kuma cika ta.